Farashin Wule

Batsari,
Laraba, bayan yankan gero.

Zuwa ga Adda Kulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarki da ta maigidanki da yara, da duk mutanen Babban Duhu. Yaya ƙafar taki, har yanzu tana kumbura in kin sha tafiya? Mu nan sai godiyar Allah. Tunda sabis ya ƙi dawo muku, na ce bari in rubuta in ba direban a-kori-kura ya miƙa miki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ni baki ya fi hannu sauri.

Baffa yana wurinmu tun da ya bar Ruma. Maigidana Labaran ya kwashe kayansa daga ɗakin zaure ya share masa, har da sabuwar tabarma. Amma kin san Baffanki. Zaman gidan suruki ya fi masa ciwo a kan kwanan daji. Ba ya fitowa alwala sai ya ji Labaran ya tafi kwata, in kuwa suka yi kiciɓis a ƙofa, wannan ya kalli gabas wancan ya kalli yamma, a gaisa da bango. Duk shekarun aurena bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "mai gidan nan". Tuwo kuwa loma biyu zai yi ya turo kwano. Ban manta faman da aka sha kafin ya yarda 'yarsa ta auri mahauci ba, ga shi yau Allah ya zaunar da shi a zauren mahaucin.

Na san labari ya iso miki cewa ɓarayin daji sun kwashe garken ƙaf. Haka ne, amma ban da guda. Adda, Wule ta dawo. Bayan an gama jajantawa, Baffa ya ɗaure komatsansa zai taho, sai ga ta a bakin ruga da ƙafarta, jiki duk ƙaya, tana kuka wajen turkenta. Yadda ta ɓalle musu a dajin, Allah ne masani. Baffa ya ce bai yi hawaye ba ranar da aka kora shanun, sai ranar da guda ta dawo. A ƙasa ya jawo ta har Batsari, ya ƙi a saka ta a mota. Ke kika raine ta tana maraƙa, ba sai na tuna miki farin goshin nan irin na kakarta ba, saniyar da Inna ta shigo da ita gidan aure. Duk abin da ya rage mana na Inna, Allah ya jiƙanta, yanzu yana tsaye a tsakar gidana yana tuƙa.

Sai dai gari ba ruga ba ne. Bayan gari ba a fita da dabba, harawa kuma ta yi tsada tun kaka ba ta wuce ba. Labaran ne ke kawo dusa, kuma duk buhun da ya shigo sai ka ga Baffa ya ƙara shiru. Na ce a kawo miki ita, ya ce ku da kuka sayar da awakinku don kada su jawo muku baƙi, ya za a ɗora muku saniya? Ya yanke shawarar sayar da ita, ya kama ɗaki nasa, ya riƙa cin hatsin kansa. Sharaɗinsa guda ne: ba za ta je wuƙa ba. Makiyayi yake so, wanda zai sa ta a garke ta ci gaba da haihuwa. To karar nan tamu, kasuwar shanu, ta mutu a tsaye, masu saye na nesa ba sa zuwa saboda hanya, sai mahautan gari, su ne kuwa abin gudun.

Ana haka sai ga Surajo dillali, wanda Baffa ya daɗe yana hulɗa da shi a kara. Yanzu ya zama wakilin wasu masu gwanjon dabbobi ta waya. Ana ɗaukar hoton dabba, a sa ta mako guda, mutane daga ko'ina su yi ta tayi, wanda ya fi kowa ya ɗauka. Baffa ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambayar da ta ba ni dariya. Ya ce shi a saninsa mai kaya ba ya faɗin kuɗi, mai saye ne ke tayawa, kai kuma ka yi ta cewa albarka har ranka ya kwanta ka sallama. To in ba ya ganin mai tayin, wa zai ce wa albarka?

Surajo ya ce an yi maganin wannan. Akwai abin da suke kira rizaf, ni dai farashin ɓoye nake ce masa. Mai kaya zai faɗi kuɗin da ba zai sauka ƙasa da shi ba, a rufe, masu saye ba sa gani. Ana buɗe gwanjon da ɗan ƙaramin kuɗi don jawo jama'a, su yi ta hawa, wayar na nuna musu jan rubutu cewa ba a kai ba. In mako ya cika ba a kai ba, babu ciniki, dabbarka taka ce, ladan sakawa kawai ka yi asara. In an kai, rubutun ya koma kore, daga nan babu ja da baya. Ya ce wa Baffa, albarkarka ce ka faɗa tun kafin a taya, wayar ta riƙe maka.

Adda, da kin ga idon tsohon nan ya yi haske. Ya ce mahauci nama yake lissafawa, akwai inda in ya kai dole ya tsaya. Wanda zai wuce nan sai mai ganin 'yan maruƙan da ke cikinta. Don haka zai kafa nasa sama da lissafin nama, kamar yadda ake shinge wa gona. Surajo ya gargaɗe shi cewa in ya yi tsawo da yawa mutane kan gaji da tayi cikin duhu su watse, kuma da zarar an fara ana iya ragewa amma ba a ƙarawa. Baffa ya ja shi bayan saniyar ya raɗa masa a kunne. Ni ko kusa bai bari na ji ba, wai tun ina ƙarama ban iya riƙe magana ba.

Abu guda ke damuna. Jiya na leƙo na tarar da Labaran yana shafa gadon bayan Wule, yana duba haƙoranta. Ya gan ni ya wayance. Hannun mahauci a jikin saniyar Inna, raina bai so ba.

Ki gaida maigidan da yara. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Hussaina.

*

Batsari,
Asabar.

Zuwa ga Adda Kulu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Na ga saƙonki na daddawa da kuka, Allah ya saka da alheri. Na ji kuma abin da ya faru a hanyar Runka, Allah ya ƙara tsare mu da ku.

An yi gwanjon, an gama, Wule tana nan a turke. Ban san ko murna zan yi miki ko jaje ba.

Kullum bayan la'asar Surajo kan zo zaure da wayarsa, ya karanta wa Baffa inda aka kwana. Ni kuma sai in sami abin tsincewa a bakin ƙofa, don kunnena ba shi da kunya. Ba a ganin sunan kowa, lamba ce kawai, sai sana'ar mutum a gefenta. Kwanakin farko abin ya yi armashi. Masu tayi sun yi yawa, har da wani makiyayi da wata mai kiwon madara, Baffa na ta gyara zama. Amma da suka ga sun hau sun hau jan rubutun bai gushe ba, sai suka fara zamewa. Surajo ya ce haka abin yake, mai saye ba ya son ya yi ta jefa guga a rijiyar da bai san zurfinta ba. Ya roƙi Baffa ya ɗan rage, Baffa ya ce shingen da aka rage ai akuya ma tsallake shi take.

Daga ƙarshe mutum ɗaya ya rage, kuma a gefen lambarsa an rubuta mahauci. Abin mamakin, babu mai ja da shi, amma kullum sai ya ƙara a kan tayin kansa. Surajo ya ce tun da yake dillanci bai taɓa ganin mahauci ya wuce lissafin nama haka ba. Baffa ya ce ai wani mai kuɗi ne zai yi biki, ya ga tozonta a hoto ya aiko yaronsa. Ranar ƙarshe mutumin ya yi wani ɗan ƙari mai ban tausayi, irin na wanda ya kakkaɓe aljihu, daga nan ya yi shiru. Lokaci ya cika rubutun yana ja.

Ashe akwai sauran magana. In ba a kai ba, ana ba mai kaya dama ya karɓi tayin da ya fi kowanne in ya ga dama, kafin a mayar wa mai tayin kuɗin ajiyarsa. Surajo ya ce wa Baffa abin da ya rage tsakaninsu bai kai kuɗin buhun dusa ba, ya duba. Baffa ya sa ya sake karanta masa sana'ar mutumin. Da ya ji, sai ya ɗaga murya kamar yana tsakiyar kara ya ce, "Albarka. Ko ya cike, ni ban sallama wa wuƙa da bakina ba." Surajo ya ce da ya cike ai ba sai da bakinka ba. Baffa ya ce to Allah ya kiyaye da bai cike ba.

Labaran yana tsakar gida a lokacin yana wanke ƙafa, duk a kunnensa. Na ji masa nauyi, don ko ba komai sana'arsa ce ake ambata haka a gidansa. Ya ajiye buta ya fita. Da ya dawo ni kuma na ƙara masa. Na ce ai gara da aka hana, ku mahauta in kun kalli saniya ba kwa ganin komai sai tsoka da kayan ciki. Ya dube ni ya ce, "Haka ne, Hussaina." Kin san shi, magana sai an ciro ta da ƙugiya.

Wani abin haushin kuma, babur ɗinsa. Tun kafin a fara gwanjon ya ce yana wurin gyara, har yau shiru. A ƙasa yake zuwa kwata, nama kuma a ka ake kai masa teburi. Na ce wane irin gyara ne wannan, ko sabo ake ƙera maka? Ya yi murmushi kawai.

Baffa dai ya sami abin da yake so, ya kuma rasa abin da yake so. Yana zama kusa da ita yana cire mata kaska, yana yi mata Fillanci, maganar da ba ya yi da mu. Surajo ya ce a bari a huta kafin a sake sakawa, don dabbar da aka gani ba ta sayu ba mutane kan ɗauka tana da aibi. Ni dai ina kallon ƙugunta, kuma ba na son abin da nake gani.

A gaida kowa da kowa. Yara suna gaishe ki, suna tambayar yaushe za ki zo.

Taki,
Hussaina.

*

Batsari,
Cikin bazara.

Adda,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya zafi? Ki gafarce ni da dogon shirun. Na san direba ya gaya miki muna asibiti a Katsina, kuma na san da hanya na biyuwa da kin zo. Kada ki sa wa ranki damuwa, Baffa da kansa ya ce kada a bari ki taso.

Tari ne ya fara masa bayan gwanjon da 'yan kwanaki, ya ɓoye har sai da numfashi ya gagara. Likita ya ce ruwa ne ya taru a ƙirjinsa. Mun daɗe a can. Magani, hoto, gado, abinci, duk Labaran ne, ban ji ya ce wash ba, ban kuma ga ya je wurin kowa neman rance ba. Na tambaye shi daga ina, ya ce Allah ne. Yana kwana a barandar asibiti, in Baffa ya farka sai ya matsa inda ba zai gan shi ba, don kada ya ji nauyi. Alhamdu lillahi an sallamo mu, yana takawa da sanda.

Amma Adda, mun dawo mun tarar da Wule ba Wule ba. Maƙwabta sun yi iya ƙoƙarinsu, sai dai rani ya ci kowa. Harawa ta ƙare a kasuwa, dusa sai wane da wane. Saniyar da ta saba yini tana tafiya, ga ta wata da watanni a wuri guda. Haƙarƙarinta duk a waje, tozon ya kwanta, in ta durƙusa sai an taimaka mata ta tashi. Baffa ya tsaya a kanta ya daɗe. Ba sai an gaya wa makiyayi ba. Ya ce in ta kai damina a haka ba za ta iya ɗaukar sabuwar ciyawa ba, kuma shi ba zai zauna yana kallo yunwa ta kashe jikar saniyar Inna a gidan mutane ba.

Ya aika aka kira Surajo. Surajo ya faɗa masa gaskiya, cewa farashin da ya kafa da kaka yanzu ko rabinsa ba za a gani ba. Ya ce hanya biyu ce. A sa ɗan farashin ɓoye daidai halin da take ciki, ko a sake ta babu shi sam. In babu, jama'a sun fi taruwa, don kowa ya san lalle za a sayar, wataƙila cikin taron a dace da makiyayi mai neman iri. Amma in an sake ta haka, duk wanda ya fi tayi nasa ne, ko nawa ne, ko wane ne, babu albarka. Baffa ya juya ya dubi inda Wule take kwance. Can ya ce a cire shingen, shi ya gaji da yi wa Allah dabara.

Jama'a sun taru kamar yadda Surajo ya faɗa, amma 'yan neman araha ne. Makiyayi ko ɗaya bai leƙo ba, wa zai ƙara baki a garke cikin bazara? Mahaucin nan na farko ya sake fitowa, Surajo ya gane lambarsa, amma wannan karon tun da wuri aka wuce shi ya yi shiru. Wani mai lodin shanu zuwa Kudu ne ya ɗauka, a kuɗin da ina jin kunyar rubuta miki. Ya yi ƙasa ƙwarai da tayin da Baffa ya ce wa albarka.

Shekaranjiya suka zo da mota. Baffa ya fito da kansa, ya kwance igiyar wuyanta, wadda ya tufka da hannunsa tun a Ruma, ya ce su sa tasu. Ya dafa farin goshin ya yi mata magana a kunne. Ta ƙi hawa, sai da ya taka katakon ya yi mata irin kiran da yake yi musu in za a tafi mashaya, sannan ta bi shi. Da kiran nan ta hau, Adda. Ya sauko, motar ta tashi, tana ta kuka har suka sha kwana. Ni na shige ɗaki na toshe kunnena. Labaran ya bar gidan tun safe, bai dawo ba sai bayan magariba, na ce a raina ko kara bai yi mana ba.

Baffa bai ƙara maganar kama ɗaki ba. Kuɗin suna ƙarƙashin tabarmarsa yadda aka kawo su, ko kwancewa bai yi ba. Na san wasiƙar nan za ta sa ki kuka, amma gara ki ji daga wurina.

Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Hussaina.

*

Batsari,
Juma'a, bayan ruwan farko.

Zuwa ga Adda Kulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara. An ce kun sami ruwa kun fara shuka, Allah ya sa a girbe cikin kwanciyar hankali. Jikin Baffa da sauƙi. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Ranar kasuwa wani Bafillace ya yi sallama a ƙofarmu, dogo, sunansa Nurain, daga wajen Mani. Labaran yake nema, ba ya nan, sai Baffa ya shigo da shi zaure. Da suka ji harshen juna hira ta ɓarke, rabon da in ji muryar Baffa haka tun Ruma. Na kawo musu fura, na tsaya inda na saba tsayawa. Baffa ya tambaye shi abin da ke tafe da shi. Mutumin nan bai san da wa yake magana ba. Ya ce tun kaka Labaran ya je har rugarsa ya roƙe shi riƙon wata saniya mai farin goshi, ya ce zai saye ta a gwanjon waya, ta wani dattijo ce da ɓarayi suka raba da garkensa. Wai Labaran ya ce a haɗa ta da bijimi mai kyau, kuma duk ranar da dattijon ya so ganinta a bar shi, kada dai a gaya masa wanda ya saya. Nurain ya ce ya kafa mata turke ya yi ta jira, ya ji shiru, ga ciyawa ta fara fitowa, shi ne ya ce bari ya biyo ya ji ko lafiya.

Adda, a nan na gane wane ne mahaucin gwanjon nan. Baffa bai motsa ba. Ya bar baƙon ya shanye furarsa, ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin hanya, sannan ya gaya masa ya cire turken.

Na tare Labaran a ɗaki. Da farko ya so ya kauce, na ce yau ko da ƙugiya sai na ciro ta. Babur ɗin ba gyara ya je ba, sayar da shi ya yi, ya haɗa da jarinsa. Shi ne mahaucin da ke ƙari a kan tayin kansa. Yana kallon jan rubutun nan yana zuba duk abin da ya samu, bai san saura nawa ba, har hannunsa ya ƙare. Ya ce ya ɗauka wayar za ta ɓoye shi gaba ɗaya. Shi kullum a ɓangaren masu saye yake, bai taɓa sanin mai kaya yana ganin sana'ar mai tayi ba. A tsakar gidansa, da buta a hannu, ya ji cewa buhun dusa ne ya raba shi da ita, ya kuma ji an ce masa albarka. Yana cikin neman wata hanya ciwon Baffa ya taso, kuɗin da aka mayar masa su ne suka tafi asibiti. A gwanjo na biyu ɗan abin da ya rage ya jefa, aka wuce shi. Ranar lodi kuwa ya ce ba zai iya tsayawa ya gani ba.

Na ce don Allah me ya hana ka buɗe baki? Taku kaɗan ne daga ɗakinka zuwa zaure. Ya ce in ya je gaban Baffa ya taya, ɗayan biyu ne. Ko Baffa ya ba shi ita kyauta don kunya, ya zauna ba saniya ba kuɗi, ko ya ƙi, don ba zai karɓi kuɗin suruki ya sayi hatsin da yake gudun ci a gidan suruki ba. Na ce ni fa? Ya ce, "Ke da kin ji, kafin la'asar Baffa ya ji." Gaskiyarsa ce. Na tuna abin da na faɗa masa na tsoka da kayan ciki, na tuna yadda ya ce haka ne, na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Ni dai na rasa wanda zan ji wa haushi. Baffa ya ɓoye farashinsa don ya tsare ta. Labaran ya ɓoye sunansa don ya tsare Baffa. Mai kaya da mai saye suna gida ɗaya, suna sha daga randa ɗaya, kowa na kunyar kowa, har mota ta zo ta ɗauke ta a gabansu. Surajo da ya ji, ya ce da a kara ne da ya kama hannun wannan ya haɗa da na wancan tun ranar farko, amma waya ba ta san kunya ba, abin da aka ba ta kawai take riƙewa.

Washegarin zuwan Nurain, Baffa bai ɓuya ba. Ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya zauna a bakin zaure inda dole mai shigowa ya gan shi. Da Labaran ya dawo daga kwata ya hango shi, sai ya rage tafiya zai raɓe ta gefe kamar kullum. Baffa ya dogara sandarsa ya miƙe. Adda, da kunnena na ji ya kira sunansa. Ya ce, "Labaran." Labaran ya durƙusa. Baffa ya ciro igiyar Wule daga aljihu, ya kamo hannunsa na dama kamar yadda ake yi a kara, ya danƙa masa, ya ce, "Na sallama."

Labaran ya riƙe igiyar da hannu biyu, kansa a ƙasa. Da na kai wa Baffa tuwo ranar, kwanon ya dawo babu saura.

Igiyar tana rataye a ɗakinmu. Turken kuma yana nan a tsakar gida, ruwan nan da aka yi har ciyawa ta fito a gindinsa, yara sun ce a cire, na ce su bari tukuna. In hanya ta yi kyau ki zo, Baffa yana yawan ambatonki.

Ki gaida kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Hussaina.